Moustapha Akkad: tambayoyi da amsoshi kan aikinsa a fim da talabijin

Masu kallo a ƙasashen Musulmi sun san Moustapha Akkad da finafinan tarihi guda biyu, wato The Message da Lion of the Desert, yayin da masu kallo a Amurka suka fi sanin sunansa a farkon finafinan ban tsoro na Halloween. Sau da yawa kowane ɓangare ba ya da labarin ɗayan. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi aikinsa tun daga gidan talabijin har zuwa fim ɗin da ya rasu bai samu ya yi ba.

Wane ne Moustapha Akkad, kuma daga ina ya fito?

An haife shi ranar 1 ga Yuli, 1930, a birnin Halab na ƙasar Siriya, kuma a can ya yi karatunsa na farko. A shekarun 1950 ya tafi Amurka domin koyon aikin fim, a lokacin da iyaye kaɗan ne a yankinsu ke ɗaukar wannan a matsayin sana'ar da ɗa zai ci abinci da ita. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa mahaifinsa ya sallame shi da dala 200 da Alƙur'ani guda. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, sannan ya yi na biyu a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma dukkansu suna cikin manyan makarantun koyon fim a ƙasar. Daga baya ya zama ɗan ƙasar Amurka, a can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Me ya yi a talabijin kafin ya shiga harkar fim?

A talabijin ya fara samun wurin tsayawa, kuma wanda ya riƙe masa hannu shi ne darakta Sam Peckinpah, wanda shi ma a wancan lokacin rubutu da ba da umarni yake yi a shirye-shiryen kaboyi na talabijin. Peckinpah ya nemi shawarar Akkad kan wani fim da ya so ya yi game da yaƙin neman 'yancin Aljeriya. Fim ɗin bai yiwu ba, amma zumuncin ya ɗore, har Akkad ya samu aikin shirya shirye-shirye a tashar CBS.

Shirin da aka fi danganta shi da shi a can shi ne As Others See Us, inda ake jin yadda baƙi 'yan wasu ƙasashe ke kallon Amurka da mutanenta. Bayan haka ya kafa kamfaninsa, ya shirya wani shirin tafiye-tafiye mai suna Caesar's World, wanda jarumi Cesar Romero ke gabatarwa, ana zagaya ƙasashe ana nuna wa Ba'amurke yadda wasu al'ummomi ke rayuwa. Waɗannan ba shirye-shirye ba ne da ake tunawa da su a yau, amma duk wanda ya dubi finafinan da ya yi daga baya zai ga inda ya koyi darasinsa: yadda ake gabatar da wata al'umma ga mai kallon da bai san komai a kanta ba, ba tare da an gundure shi ba kuma ba tare da an raina masa hankali ba. Aikin ya kuma koya masa ɗaukar hoto a ƙasashen waje da ma'aikata masu harsuna daban-daban, abin da ya yi masa rana ƙwarai a Maroko da Libiya.

Finafinai nawa ya ba da umarni da kansa?

Labari biyu kawai: The Message na 1976, wanda aka ɗauka da Turanci da kuma Larabci da sunan Ar-Risala, sai Lion of the Desert da ya fito a 1981. A sauran finafinan da sunansa ya fito a kansu furodusa ne, wato wanda ya samo kuɗi kuma yake da ta cewa a kan aikin, amma wani ne daban ke tsaye bayan kyamara.

Yaya aka yi fim kan farkon Musulunci ba tare da an nuna Annabi ba?

Wannan ita ce babbar matsalar da The Message ya fuskanta, kuma yadda Akkad ya warware ta shi ne abin da ya fi nuna gwanintarsa. Tun daga farko an yanke cewa ba za a nuna siffar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, ba za a ji muryarsa ba, kuma ba za a nuna matansa da 'ya'yansa mata da halifofi huɗu ba. Ke nan an cire daga allo mutanen da labarin ya fi rataya a kansu. An miƙa rubutun ga malaman Jami'ar Azhar da ke Alƙahira suka duba, haka kuma majalisar ƙoli ta mabiya Shi'a a Labanan ta amince da shi, kuma an rubuta wannan amincewa a farkon fim ɗin.

Dabarar da ya yi amfani da ita ita ce ya mayar da kyamara idon wanda ba a nunawa. Idan sahabi zai yi magana da Annabi, sai ya fuskanci kyamara kai tsaye, ya faɗi abin da zai faɗa, ya yi shiru na ɗan lokaci kamar mai sauraro, sannan shi ko wani na kusa da shi ya maimaita umarnin da aka bayar domin mai kallo ya ji. Wani ɗan sauti mai taushi ne ke sanar da cewa Annabi yana wurin. A wasu wuraren ana ganin raƙumarsa ko sandarsa, kamar a shigowa Madina, inda jama'a suka zuba ido suna jiran inda raƙumar za ta durƙusa domin a nan za a gina masallaci. Sayyidina Aliyu kuwa, a filin Badar, bakin takobinsa mai harshe biyu kawai ake gani a gefen allo.

Da yake dole fim ya samu wanda mai kallo zai bi da ido, sai aka ɗora nauyin a kan Sayyidina Hamza, baffan Annabi, tare da Bilal da Zaidu da Ammar a gefe guda, Abu Sufyan da matarsa Hindu a ɗaya gefen. A ganina dabarar ta yi aiki fiye da yadda ake zato a wuraren da ke da taro da motsi, kamar azabtar da Bilal da dutse a ƙirji, da tsayuwar Ja'afar gaban Najjashi a Habasha, da yaƙin Badar da na Uhudu. Inda take yin rauni shi ne a zaman shawara, domin jarumi yana magana da gilashin kyamara yana jiran amsar da ba za ta zo ba, kuma idan hakan ya yi tsawo sai a ji nauyinsa. Akwai kuma wani giɓi da ba laifin darakta ba ne: bayan shahadar Hamza a Uhudu fim ɗin ya rasa ginshiƙinsa, sai ya koma saurin ba da labari har zuwa buɗe Makka.

Me ya sa aka ɗauki fim ɗin sau biyu maimakon a fassara murya?

Akkad ya yi imanin cewa salon wasan Larabawa da na Turawa sun bambanta, a motsin hannu da ɗaga murya da yadda ake furta magana mai nauyi, don haka ɗora muryar Larabci a bakin Bature ba zai gamsar da mai kallo a Alƙahira ko Dimashƙa ba. Sai ya tara rukunin 'yan wasa biyu, ana ɗaukar fitowa ɗaya da rukuni na farko, a sauke su, a ɗauka da na biyu a wuri guda da kaya guda. A na Turanci Anthony Quinn ne Hamza, Irene Papas 'yar Girka ce Hindu, Michael Ansara ne Abu Sufyan, sai Johnny Sekka, haifaffen Dakar, a matsayin Bilal. A na Larabci Abdullah Gaith na Masar ne Hamza, ɗan'uwansa Hamdi Gaith ne Abu Sufyan, Muna Wassef ta Siriya ce Hindu, sai Ali Ahmed Salem na Libiya a matsayin Bilal. Na Turanci ya kai kusan sa'a uku, na Larabci kuma ya fi shi tsawo. Masu jin harsunan biyu da yawa sun fi son na Larabci, musamman saboda wasan Muna Wassef da kuma yadda ayoyin Alƙur'ani ke fitowa da harshensu na asali.

Bayan kyamara ma manyan ƙwararru ya ɗauko. Jack Hildyard, wanda ya taɓa cin Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, shi ya ɗauki hoto, H. A. L. Craig ɗan ƙasar Ayalan ya rubuta labarin tare da gudummawar marubutan Larabawa, Maurice Jarre na Faransa kuma ya tsara sautin. An saka sautin cikin jerin masu takarar Oscar, amma John Williams ne ya ɗauki kyautar da sautin Star Wars.

Wa ya ba da kuɗin, kuma me ya sa aka bar Maroko aka koma Libiya?

Kamfanonin Hollywood ba su nuna sha'awa ba, don haka daga gwamnatocin Larabawa ya nemi kuɗi, inda Kuwaiti da Maroko da Libiya suka shiga tun farko. An gina kwaikwayon tsohuwar Makka a kusa da Marrakesh, aka fara ɗauka a 1974. Sai dai ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta nuna adawa da aikin, Saudiyya ta matsa lamba, Kuwaiti ta janye, daga bisani Sarki Hassan na biyu na Maroko ya dakatar da ɗaukar a ƙasarsa. Da aiki ya tsaya a tsakiya, Akkad ya je wurin shugaban Libiya na lokacin, Mu'ammar Gaddafi, wanda ya amince a kwaso ma'aikata da kaya a ƙarasa a hamadar Libiya da kuɗin gwamnatinsa. An fara nuna fim ɗin a Landan a watan Yulin 1976, kuma a can ne aka sauya masa suna daga Mohammad, Messenger of God zuwa The Message saboda ƙorafin sanya sunan Annabi a allunan talla.

Gaskiya ne an yi garkuwa da mutane a Washington saboda fim ɗin?

An yi garkuwar, kuma fim ɗin yana cikin buƙatun masu ita, amma ba shi ne tushen rikicin ba. Ranar 9 ga Maris, 1977, wadda ta zo daidai da fara nuna fim ɗin a Amurka, wasu mutum 12 ƙarƙashin jagorancin Hamaas Abdul Khaalis, shugaban wata ƙungiyar Musulmi a Amurka, suka mamaye gine-gine uku a Washington: hedkwatar ƙungiyar Yahudawa ta B'nai B'rith, da Cibiyar Musulunci ta birnin, da ginin hukumar birni. Sun tsare mutum 149. Babban abin da ke cin ran Khaalis shi ne kisan gillar da aka yi wa iyalinsa a 1973, kuma ya nemi a miƙa masa waɗanda aka ɗaure kan kisan. Ya haɗa da buƙatar a daina nuna fim ɗin, bisa zaton cewa an nuna Annabi a ciki, jita-jitar da ta riga ta bazu har ana cewa Anthony Quinn ne ya fito a matsayinsa.

An kashe wani matashin ɗan jarida, Maurice Williams, an kuma harbi Marion Barry, wanda daga baya ya zama magajin garin Washington. Jakadun Masar da Pakistan da Iran ne suka zauna da Khaalis har aka saki mutanen ranar 11 ga wata. An dakatar da nuna fim ɗin na ɗan lokaci sannan aka ci gaba, amma lamarin ya tsorata gidajen silima da masu kallo, kuma kasuwarsa a Amurka ba ta farfaɗo ba. Daga baya talabijin da kaset ɗin bidiyo ne suka kai shi gidajen miliyoyin Musulmi, har a ƙasashen da ba a yarda a nuna shi a silima ba.

Mene ne labarin Lion of the Desert, kuma me ya bambanta shi da na farko?

Labarin Umar Mukhtar ne, malamin Alƙur'ani ɗan ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya jagoranci yaƙin sari-ka-noƙe da sojojin Italiya a gabashin Libiya na kusan shekara 20, bayan mamayar da ta fara a 1911. Fim ɗin ya ɗauko labarin daga 1929, lokacin da shugaban gwamnatin Italiya, Mussolini, ya ƙudiri aniyar kawo ƙarshen turjiyar ta hannun Janar Rodolfo Graziani, ya bi ta kan sansanonin da aka tsare makiyaya da iyalansu a ciki, da shingen waya mai ƙaya da aka ja a iyakar Masar domin toshe hanyar abinci da makamai, har zuwa kama Mukhtar da rataye shi a Suluƙ ranar 16 ga Satumba, 1931. Anthony Quinn ne ya sake dawowa a matsayin Mukhtar, Oliver Reed ya fito a Graziani, Rod Steiger a Mussolini, tare da John Gielgud da Irene Papas.

A nan babu wani haramci kan nuna jarumin labari, don haka hannun Akkad ya sake, kuma a matsayin aikin darakta na fi ganin wannan ya cika. Yaƙin dawakai da motoci masu sulke a tsaunukan Jabal Akhdar ya fito a sarari, ana gane inda kowane ɓangare yake da abin da yake nufi. Ya cusa ainihin hotunan tarihi na sansanonin, baƙi da fari, a tsakiyar fim mai launi, domin kada wani ya ce ƙirƙira ce. Ya kuma bar wa wasu hafsoshin Italiya mutuncinsu, kamar wanda ya ƙi bin umarnin kashe farar hula da lauyan soja da ya kare Mukhtar a kotu. Ƙaramin abin da mutane suka fi riƙewa shi ne tabarau ɗin tsohon: yana sa shi ya karanta Alƙur'ani a gindin igiya, tabarau ɗin ya faɗi daga hannunsa bayan an rataye shi, wani yaro ya tsince shi a cikin taro.

Ya samu kasuwa? Kuma me ya sa Italiya ta hana nuna shi?

Bai samu ba. An kashe kimanin dala miliyan 35, mafi yawa daga gwamnatin Libiya, abin da ya dawo daga gidajen silima kuwa bai fi miliyan ɗaya da wani abu ba. Fim ɗin ya fito a 1981, daidai lokacin da dangantakar Amurka da Gaddafi ta yi tsami ƙwarai, kuma duk wani abu mai ɗauke da kuɗin Libiya ana kallonsa a matsayin farfaganda. A Italiya an hana shi a 1982 da hujjar cewa ya ci mutuncin rundunar sojan ƙasar. Sai a watan Yunin 2009 tashar Sky Italia ta nuna shi, lokacin ziyarar Gaddafi a Roma, ziyarar da ya sauka daga jirgi da hoton Mukhtar cikin sarƙa maƙale a ƙirjin kakinsa.

Shin dogaro da kuɗin Gaddafi bai ɓata aikinsa ba?

Tambaya ce da ta cancanci a yi. Babu shakka labarin Mukhtar ya yi wa gwamnatin Libiya amfani, kuma ba don Allah kawai ta zuba wannan kuɗi ba. Amma wanda ya kalli finafinan biyu ba zai ga yabon Gaddafi ko aƙidarsa a ciki ba, kuma abubuwan da aka nuna na sansanoni da shinge da rataya suna nan a tarihin da masana na Italiya ma suka rubuta. Illar ta fi bayyana ta wata fuska: alaƙar ta rufe masa ƙofofi a Amurka, ta kuma sa manyan ayyukansa suka rataya a wuyan shugabanni, waɗanda kan janye hannu idan siyasa ta juya, kamar yadda ya gani a Maroko.

Yaya mai finafinan tarihin Musulunci ya shiga finafinan ban tsoro?

Ta hanyar kasuwanci. A 1978, ta hannun furodusa Irwin Yablans, Akkad ya zuba kimanin dala 300,000 a wani ƙaramin fim da matashin darakta John Carpenter zai yi, kan wani makashi mai rufe fuska, Michael Myers, da ke bin 'yan mata masu renon yara a wani ƙaramin gari. Halloween ya tara kusan dala miliyan 70 a duniya, ya zama ɗaya daga cikin finafinai masu zaman kansu da suka fi cin riba a zamaninsa, ya kuma fito da jaruma Jamie Lee Curtis. Akkad bai ba da umarni a ko ɗaya ba, amma sunansa yana kan dukkan guda takwas da aka yi daga 1978 zuwa 2002. Bayan na uku, na 1982, wanda aka yi babu Michael Myers kuma masu kallo suka juya masa baya, Akkad ya riƙe haƙƙin mallakar jerin, ya dawo da makashin a na huɗu a 1988, ya kuma tsaya kai da fata cewa ba za a kashe shi kisan da ba dawowa ba.

Wasu na ganin wannan a matsayin tufka da warwara a rayuwar mutum ɗaya. Abin da ke a fili shi ne cewa finafinan da ya ba da umarni sun cinye miliyoyi ba su mayar ba, waɗanda bai ba da umarni ba kuma su suka riƙe kamfaninsa, Trancas International Films, na tsawon shekaru fiye da 20.

Wane fim ne ya so ya yi bai samu ba?

Fim kan Salahuddin Ayyubi da yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, wato rundunonin Kiristocin Turai da suka yi yaƙi da Musulmi kan birnin Ƙudus. Ya shafe shekaru yana neman kuɗinsa, an shirya rubutu, kuma ya sha ambaton Sean Connery a matsayin wanda yake so ya fito a Salahuddin. Kuɗin da aikin ke buƙata sun yi yawa, kuma babu gwamnati ko attajirin da ya ɗauki nauyin har ya rasu.

Yaya ya rasu?

Ranar 9 ga Nuwamba, 2005, 'yan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar Alƙa'ida reshen Iraƙi, wadda Abu Mus'ab Zarƙawi ke jagoranta, suka kai hari otal uku a Amman, babban birnin Jodan, inda mutum kusan 60 suka mutu. Akkad yana otal ɗin Grand Hyatt tare da 'yarsa Rima, wadda ta rasu nan take. Shi kuma ya cika a asibiti ranar 11 ga wata, yana da shekara 75, aka kai gawarsa Halab aka binne shi a can.

Wa ke riƙe da ayyukansa yanzu, kuma ana iya ganin finafinan da hoto mai kyau?

Ɗansa Malek Akkad ne ya gaji kamfanin. Ya ci gaba da shirya finafinan Halloween, ciki har da na 2007 wanda aka sadaukar ga mahaifinsa, da sabon jerin da ya fara a 2018. Shi ne kuma ya jagoranci gyaran The Message daga ainihin faifan da aka ɗauka, na Turanci da na Larabci, aka tsabtace hoto da sauti. An nuna gyararren a bikin finafinai na Dubai a watan Disambar 2017, sannan a lokacin ƙaramar sallar 2018 ya shiga gidajen silima a ƙasashen Larabawa da dama, har da Saudiyya, wadda ta sake buɗe gidajen silima a wannan shekarar kuma hukumarta ta tace finafinai ta ba shi izini.